Ranar da Lasin Tuƙi Ya Fita Hannu

A farkon zango na biyu muka yi wa 'yan aji shida wata tambaya cikin darasin zaman jama'a. Muka ce, wace takarda ce a gidanku wadda in ta ɓace yau, kafin mako ya zagayo tukunya za ta sauka daga murhu? Waɗansu suka ce takardar fili, waɗansu suka ce katin banki, wani kuma ya ce takardar shaidar gama makaranta. Sai wata yarinya daga kujerar baya, wadda mahaifinta ke jan motar haya tsakanin Argungu da Sakkwato, ta ce, "Malam, lasin babana." Aji ya fashe da dariya. Ita kuwa ba ta yi dariya ba, mu ma ba mu yi ba, gama mun riga mun ga abin da idonmu a cikin makarantar nan.

Tsofaffin ɗalibai za su tuna da shekarar da motar makaranta ta yi makonni tana tsaye ƙarƙashin dogon yaro, ƙura ta rufe gilashinta har yara suna rubuta sunayensu da yatsa. Da yawa sun ɗauka inji ne ya lalace. Motar lafiyarta lau. Abin da ya faru shi ne, Baba Direba ya tafi Birnin Kebbi sabunta lasinsa, aka buga lambar cikin kwamfuta, ba a same ta ba. Ashe shekarun baya wani ɗan tsakani ne ya karɓi kuɗinsa da hotonsa, ya kawo masa kati har gida, ya ce ya hutar da shi bin layi. Katin yana da hoto, yana da tambari, yana ƙyalli kamar na kowa, amma jabu ne. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi bai taɓa buge ko akuya ba, a ranar aka gaya masa cewa a idon hukuma shi ba direba ba ne, sai ya koma makarantar koyon tuƙi ya fara daga farko.

Da ya dawo ya shiga ofishin shugaba ya ajiye makulli bisa tebur. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan ɗauki 'ya'yan mutane da wannan takarda ba." Shugaba ya ce, "Baba, ai hannunka ne muka sani, ba kati ba." Ya ce, "Hannu ba ya zuwa kotu." Da izininsa muka ba da labarin nan, shi ne ma ya ce a ba da shi.

To, me makarantar ta rasa? Mun zaci tafiye-tafiyen wasa da na muhawara ne kawai za su tsaya. Kafin kwana uku sai ga uwar kicin tana tambaya wa zai ɗauko buhunan shinkafa da itace. Aka koma ɗaukar a-kori-kura, kuɗin da aka ware na wata ya ƙare kafin tsakiyarsa. Ziyarar da 'yan aji uku suka shirya zuwa Gidan Tarihi na Kanta, wanda ke cikin garin nan, sai da ƙafa aka yi ta. Mawaƙan majami'a suka fasa zuwa taron da aka gayyace su. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne daren da zazzaɓi ya kayar da wani yaro a ɗakin kwana, aka goya shi bisa babur, malami ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da shi ta baya, har asibiti. Mota tana nan, mai yana cikinta, makulli yana cikin durowa. Akwai malamai biyu da suka iya tuƙi, amma lasinsu na ƙaramar mota ne, bai kai na bas mai ɗaukar jama'a ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani game da katin. Ƙasarmu ta daɗe da lasin tuƙi tun zamanin Turawa, amma dā kowace jiha da nata, har mutum yana iya riƙe biyu ko uku, in an karɓe ɗaya ya fito da wani. A watan Fabrairu na 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, wadda jama'a ke kira 'yan Rod Sefti, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na fari. Ita ce ta haɗa lasin ƙasar ya zama iri ɗaya. Dokar da ta sabunta ikonta ta fito a 2007, ƙa'idodin bin hanya kuma a 2012. Tun 2011 ake ɗaukar hoton yatsu da na fuska a ajiye cikin kwamfuta, shi ya sa jabu ke iya wuce shingen hanya amma ba ya wuce ranar sabuntawa.

Ofisoshi uku ke da hannu a ciki. Hukumar tara haraji ta jiha ita ke karɓar kuɗi ta miƙa katin, jami'an VIO su ke gwada mutum su ga ko ya iya, FRSC kuma ita ke ɗaukar bayanai ta buga. Sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma yi makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita. Mai son jan motar haya sai ya kai 26, ya kawo shaidar likita. Katin yana da aji-aji: A na babur, B na ƙaramar motar gida, F na tarakta da injunan gona, G na tirela, J kuma na masu naƙasa waɗanda aka gyara wa mota. Yana yin shekara 3 ko 5. Kuɗin da aka sa a watan Yuni na 2025 shi ne naira 15,000 na shekara 3, da naira 21,000 na shekara 5, na babur da keke mai ƙafa uku kuwa 7,000 da 11,000. Idan an gama ɗaukar hoto ana ba mutum na wucin gadi mai kwana 60 kafin na ainihi ya iso. Duk wanda ya ce zai kawo maka kati ba tare da ka sa yatsanka bisa na'ura ba, to irin na Baba Direba zai kawo maka.

Lasin yana fita hannu ta hanyoyi da dama, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne katin ya faɗi a kasuwa ko ya tafi tare da walat. Wannan wahalar 'yan kwanaki ce: a kai rahoto ga 'yan sanda, a yi takardar rantsuwa a kotu, a nemi a sake bugawa, tun da sunanka yana cikin kwamfuta. Na biyu shi ne wa'adi ya ƙare mutum bai lura ba. Amma akwai wanda hukuma ke karɓewa, kuma a nan ne mutane suka fi ƙarancin sani.

Kowane laifin hanya yana da tara, yana kuma da maki. Bisa ga jadawalin da ya zo tare da dokar 2007, rashin ɗaura bel maki 2 ne, wuce ƙa'idar gudu maki 3, amsa waya ana tuƙi maki 4, tuƙi cikin maye maki 5, lodin da ya wuce kima maki 10, tuƙin ganganci shi ma 10. Littafin dokokin hanya ya ce wanda ya tara maki 10 zuwa 14 za a yi masa gargaɗi, 15 zuwa 20 a dakatar da lasinsa, 21 ko fiye a janye shi. Ɗalibai, ku yi lissafin da kanku. Direban da ya cusa fasinja biyu a kujerar gaba, ya cika but da buhuna har murfin ba ya rufuwa, ya kuma ɗaga waya yana gaya wa ɗan kamasho ya kusa isowa, ya tara 14 kafin ya bar gari. In ya ƙara da gudu, ya shiga gidan dakatarwa a tafiya guda. Ba kullum ake bin lissafin nan har ƙarshensa ba, wannan kowa ya sani, amma yana rubuce, kuma abin da ke rubuce yana jiran ranarsa. Kotu kuwa tana da ikon hana mutum tuƙi, kuma dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya kashe rai ta tuƙin ganganci.

Yanzu bari mu koma ga amsar yarinyar nan, mu dube ta da kyau. Argungu gari ne da ke rayuwa bisa taya. Ba mu da jirgin ƙasa. Sakkwato tana da nisan kusan kilomita 100, Birnin Kebbi kusan rabin haka, kuma tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 27 ga Agusta 1991 duk wata takarda ta gwamnati can ake binta. Shinkafar da ake nomawa a fadamar Rima, wadda ta ƙara yawa bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, ba ta da ƙafar zuwa injin WACOT da aka buɗe a nan a 2017, sai an ɗauke ta. Haka kifi, haka albasa, haka taki da man injin ban ruwa. Ko bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka fara a 1934, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, baƙinsa a mota suke zuwa.

A ce an dakatar da direban haya na tsawon wata uku. Yawancinsu motar ba tasu ba ce, balas suke kai wa mai ita kowace rana. Mai mota ba zai bar ta ta kwanta wata uku ba, gama shi ma da ita yake ci, sai ya miƙa makulli ga wani. Wannan ne ciwon da bai bayyana cikin takardar hukunci ba. Takarda ta ce wata uku, amma ran da wata ukun suka cika, kujerarsa tana da mai ita. Yaron motarsa ya bi sabon direba ko ya koma zaman banza. Layinsa a tasha ya wuce. 'Yar kasuwar da ta saba ba shi saƙon kaya zuwa Kamba ko Jega ba tare da ta bi shi ba, domin ta yarda da shi, ta sami wani. Wanda kuwa ya karɓi keke ko babur bisa sharaɗin biya kaɗan-kaɗan, nasa ya fi muni, gama biyan mako ba ya jiran hukunci ya ƙare, kuma in ya gaza sau da yawa ana iya karɓe abin hawan tare da asarar abin da ya riga ya zuba.

Direban haya ba shi da albashin wata balle fansho. Abin da ya samu yau shi ne cefanen gobe. Saboda haka ranar farko ba a jin kome, ranar bakwai an fara cin bashi wajen mai shago, wata na biyu an sayar da tunkiyar uwargida, zango mai zuwa kuma mu malamai muke ganin sakamakon, sa'ad da aka kira sunan yaro cikin waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba. Mun sha zama a ofishin ma'aji muna sauraron iyaye. Ba safai uba yakan ce an karɓe mini lasin ba. Yakan ce, "Malam, kwana biyu ba na fita."

Direban ma'aikata, irin na asibiti ko banki ko kamfani, shi nasa a fili yake, domin lasin yana cikin sharuɗɗan ɗaukarsa. In ya rasa shi, sai dai alherin shugabanni. Makarantarmu ta riƙe Baba Direba, ta ba shi kula da sito har ya gama, amma ba kowane wuri ke yin haka ba, kuma ba mu tabbata mu ma za mu yi wa sabon ɗauka haka ba.

Ga wanda tuƙi ba sana'arsa ba ce, abin yana zuwa a hankali. Malamin da ke koyarwa a Gulma ko Augie yana kwana Argungu, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, za su koma kabu-kabu da motar tasha. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a lissafa. Sa'an nan ga lokaci. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, mai darasin ƙarfe takwas kuwa ba ya iya jiran fasinja na ƙarshe. Da yawa cikin 'yan majami'armu mutanen Zuru ne, sun san bambancin tafiya gida Kirsimeti da iyali cikin motarka da kuma canja mota sau biyu ko uku da yara da kaya. A unguwanninmu kuma mota ɗaya ta gida goma ce. Mai ita ake bugawa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta zo da gardama, ko likita ya ce sai Birnin Kebbi, ko sai asibitin koyarwa na Sakkwato. In ya daina tuƙi, maƙwabta ma sun daina.

Mun san abin da wani ɗalibi mai wayo zai ce, gama an faɗa mana a aji. "Malam, wa ke dubawa? 'Yan kabu-kabu nawa ke da lasin? In an tare ka, ai magana ce ta ɗan abin shan ruwa." Ba za mu yi musu ba cewa haka ake gani a hanya. Har ma muna ganin rashin adalci a ciki: wanda ya bi ƙa'ida ya yanki lasin shi ne yake da abin da za a karɓe, wanda bai taɓa yanka ba yana wucewa yana busa hon. Amma wannan dabara tana aiki ne a ranakun da ba abin da ya faru. Ran da aka buge yaro a bakin kasuwa, tambayar farko a ofishin 'yan sanda ita ce ina lasin. Inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta na ƙaramar mota ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, an yi ta ne bisa sharaɗin cewa mai lasin ne ke tuƙi. In babu, kamfani yana da hujjar ja da baya, kuɗin asibiti da diyya su faɗo kan direba da mai mota, watau kan gona da gida. Abin da Baba Direba ke nufi ke nan da ya ce hannu ba ya zuwa kotu. Wanda kuma aka dakatar ya ci gaba da tuƙi a ɓoye, ya ƙara laifi bisa laifi, kuma kowane shinge ya zama masa wurin biyan kuɗin toshiya.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe suna kokawa da tambayar nan, ko daidai ne a hukunta iyali saboda laifin mutum ɗaya. Faransa ta fara tsarin maki a 1992, can ana ba direba maki 12 ne, laifi yana rage su har su ƙare. A Ingila wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3 ana hana shi tuƙi aƙalla wata 6, sabon direba kuwa maki 6 cikin shekara 2 na fari sun isa a soke lasinsa. Amma sun bar ƙofa: mutum yana iya roƙon alƙali ya sassauta in ya nuna hanin zai jawo wahalar da ta wuce misali. Alƙalansu ba su cika karɓar "zan rasa aikina" kaɗai ba, sun fi duba waɗanda za su sha wuya ba da laifinsu ba, kamar marar lafiyar da shi ke kaiwa asibiti. A ganinmu akwai hankali a nan, ko da yake in aka kawo ma'aunin garinmu kusan kowane direba zai tsira, domin ba wanda ba shi da mutum goma a bayansa. Sai dai mu tuna fasinjan da ke cikin motar, da mai tallan da ke gefen hanya, su ma suna da goma a bayansu.

Saura hanya ɗaya wadda ba hukuma ke karɓa ba, jiki ne. Yanar ido tana zuwa a hankali, mutum ya fara ganin fitilar motar da ke tahowa ta baje kamar wuta a hazo. Hawan jinin ido yana cin gani ta gefe ba tare da ciwo ba, har direba ya daina ganin babur sai ya iso gabansa. Akwai ciwon sukari, akwai farfaɗiya, akwai shanyewar ɓarin jiki. Gwajin ido yana cikin sharuɗɗan lasin, shi ya sa waɗansu dattawan direbobi ke gudun ofis su nemi ɗan tsakani. Abin tausayi ne, gama yanar ido aiki ne da likitoci ke yi cikin ƙasa da awa guda, mutum ya koma gani, ya koma sitiyari. Tsoron rasa katin ne ke hana su zuwa inda za a cece shi. Mun kuma lura dattijon da ya ajiye makulli ba kuɗi kaɗai yake rasawa ba. Mutumin da ya saba a ce Baba kai mu, yanzu shi ke cewa wa zai kai ni. Waɗansu sukan daina zuwa jana'iza da ɗaurin aure don kada su roƙi ɗagawa. 'Ya'yan da suka iya tuƙi, kada ku jira ya tambaya. Ku ce, "Baba, ina da hanya can, mu tafi tare," ko da ba ku da ita.

Baba Direba ya gama makarantar koyon tuƙi tare da yaran da ya girmi iyayensu, ya ce sau biyu mai koyarwa yana tambayarsa yadda ake gane ciwon kuloci ta sauti. Ya ci gwajin VIO, ya sa yatsa bisa na'ura, ya dawo da takardar kwana 60. 'Yan aji ɗaya suka wanke motar da bokiti. Tun daga ranar, akwai kwafin lasin duk mai taɓa motar makaranta cikin fayil a ofis, an ja jan layi ƙarƙashin ranar ƙarewarsa.

'Yan aji shida, yawancinku za ku cika 18 kafin fitowar mujalla ta gaba, waɗansunku kuma mun san kun riga kun fara satar babur ɗin yayyenku. Ga aikin hutu, na kowa da kowa, har da malamai. Ku nemi izinin mai tuƙi a gidanku ya nuna muku katinsa. Ku duba harafin ajin, ko ya dace da abin da yake ja. Ku duba ranar ƙarewa. Ku tambaye shi cikin ladabi ko shi da kansa ya je aka ɗauki yatsunsa, in kuwa kawo masa aka yi, ku roƙe shi ya kai lambar ofishin lasin a duba. Sa'an nan ku ɗauki takarda ku rubuta sunan kowane mutum da zai ji a jikinsa in katin nan ya daina aiki na wata uku, ku fara daga cikin gida ku fita har unguwa. Yarinyar da aka yi wa dariya ta riga ta kawo nata. Sunaye 17 ta rubuta, na ƙarshe shi ne mai shayin tasha.